Ranar da Dokta Abacada Ya Sallami Marasa Lafiya

Idan ana lissafin manyan mutanen garin Norby Lake, da Lyle Brandvold ake farawa, kuma idan ka manta shi da kansa zai tuna maka. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar tafiya. Idan ya ratso barandar asibiti, ƙirji a gaba, haɓa a sama, hannuwa a goye a baya, sai ka rantse ɗaya daga cikin talo-talon gonakin bayan gari ne ya sami aikin ofis. Ga murya. Ga turare. Ga ƙwaƙwalwar da ba ta taɓa manta ranar da aka yabe shi ba.

Duk wannan ba komai ba ne idan aka zo kan farar rigarsa ta aiki. A ƙirjin hagu an ɗinke sunansa da shuɗin zare, sannan haruffan digiri da na takardun shaida suka biyo a jere, suka wuce aljihu, suka gangara har suka leƙa hammata. Matar da ke masa ɗinkin ta gaya masa gaskiya, ta ce idan ya sake ƙaro wani karatun sai dai a zagaya ta baya. Shi ya ɗauka yabo ne. Daga nan ma'aikata suka raɗa masa Dokta Abacada, tunda duk yaron da ya zauna a gabansa yana iya koyon karatu daga ƙirjinsa kafin a gama auna shi.

Asalin aikinsa mataimakin likita ne. Aiki ne mai daraja, mutane da yawa suna yin sa suna cin abincinsu cikin mutunci. Lyle ne kawai kalmar "mataimaki" ke tsaya wa a maƙogwaro. Sai ya yi digirin dokta ta intanet daga teburin ɗakin girkinsa, ranar da takardar ta iso kuwa, ko mai kawo wasiƙu bai bar ƙofar gidan ba sai da ya ce masa Dokta. Mutum ɗaya ce ta ƙi. Ita ce Arlene Haugen, tsohuwar nas mai izinin duba marasa lafiya da rubuta magani, wadda ta yi masa allurar rigakafi tun yana yawo da majina a hanci. "Lyle" take ce masa a gaban kowa, shi kuma ya yafe mata, don ya san tsufa yana taɓa tunani.

Garin yana da nisa da birni, kuma likitoci ba sa zama. Wanda ya zo, hunturun jihar Minnesota guda ɗaya ya ishe shi ya haɗa kayansa. Nas-nas irin su Arlene da mataimakan likita su ne ke riƙe da asibitin. To amma sabon fitowa daga jami'a, kansa cike yake da littafi, hannunsa kuwa bai saba da aiki ba. Shi ya sa aka buɗe shirin horo na shekara guda. Sabo ya shiga ya duba mara lafiya shi kaɗai, ya fito ya gaya wa babba abin da ya gani da abin da yake son yi, babba ta gyara ko ta gyaɗa kai. Babbar ita ce Arlene. 'Yan horon bana biyu ne: Marisol Treviño, nas, wadda iyayenta ke aiki a masana'antar yanka talo-talo ta gari na gaba, da Koua Vang, mataimakin likita, ɗan birnin St. Paul, mai shiru-shiru. Darakta kuwa ai ba sai an faɗa ba. Aikin Arlene shi ne horo. Aikin Lyle shi ne zama Darakta.

Ana nan sai kwamitin asibiti ya gaji da ciyar da shirin da ba shi da shaidar hukumar tantancewa. Suka ce a bana ko shaida ko a rufe. Idan aka rufe, Marisol da Koua su tattara su nemi wani wurin da rabin horo a hannu, mutanen gari su koma jiran makonni kafin a duba su, Lyle kuma ya koma leƙa maƙogwaron yara. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya masa a rai.

Hukumar ta aiko cewa za ta turo mutum biyu su ga yadda ake horon da idonsu. Lyle ya tara ma'aikata a ɗakin shan kofi, ya hau kan ɗan akwatin da ake takawa a ɗauko kaya a sama, ya gyara murya.

"Abokan tafiya," in ji shi, "tarihi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Daga yau ba na son in sake jin wani ya ce asibiti. Mu cibiyar ƙwarewa ce. Ba na son in ji an ce muna koya wa yara aiki. Muna gina ginshiƙan gobe ne bisa tsari mai rassa bakwai, wanda ni da kaina na zana. Duk wanda baƙi suka tambaya wani abu, ya fara da cewa, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Brandvold."

"Ko da hanyar bayi suka tambaya?" in ji Arlene daga bakin tukunyar kofi.

"Arlene, wannan ba lokacin wasa ba ne."

"Ai shi ya sa na tambaya, Lyle."

Aka shiga shiri. Aka yi wa baranda fenti. Aka rataya ƙyalle mai faɗin ƙofar gareji, da hoton Darakta ya harɗe hannu yana kallon nesa, kamar mai hango jirgin ruwa a tsakiyar gonar masara. Aka kira mai goge daɓe ya goge, Lyle ya duba ya ce bai ga fuskarsa ba, aka sake, ya ce ya ga fuskar amma bai iya karanta haruffan ƙirjinsa ba, aka sake. Daɓen nan ya koma kamar tabkin bayan gari da ya daskare a tsakiyar hunturu.

'Yan horo kuwa sun sha wuya. Kullum bayan an tashi sai ya zaunar da su ya zama baƙon hukuma, ya sa gilashi a ƙarshen hanci, ya tambaye su rassa bakwai. Koua ya kan kawo biyar ya tsaya. Marisol ta taɓa ce masa, "Dokta, idan suka tambaye ni abin da nake yi, ba zan iya cewa ina duba mutane ba kawai?" Ya dube ta da tausayi, ya ce irin wannan amsar ce ke rufe shirye-shirye.

Ana sauran 'yan kwanaki sai babbar basira ta sauko masa. Ya fito daga ofis ya tsaya a bakin ɗakin jira, ya duba da idon baƙo. Me zai gani? Manoma da takalman taɓo sun jera sawu a kan daɓensa. Wani tsoho yana tari kamar zai fito da huhu. Wata mata da 'yan biyu, ɗaya na kuka, ɗaya na lasar kujera. Ma'aikatan gidan talo-talo sun shigo da warinsu, ya danne turarensa. Yanzu manyan mutane za su taso daga wata duniya, su hau jirgi, su zo su tarar da wannan? A cibiyar ƙwarewa?

A wurin Lyle, horo shi ne abin da ke faruwa idan an kashe fitila an kunna majigi shi yana magana. Sauran abin da ake yi a ɗakunan duba marasa lafiya hayaniya ce kawai da ke tsakanin jawabi da jawabi. Don haka ya sa matan teburin karɓar baƙi su bi kowa da waya. Duk wanda ke da ganawa ranar zuwan hukuma, a ɗaga masa zuwa mako na gaba. Mai gaggawa ya wuce babban asibitin lardi. Ya sa aka manna takarda a ƙofa cewa an rufe domin wani muhimmin taro.

Arlene ta same shi har ofis.

"Lyle, ka kori mutane?"

"Ban kore su ba. Na sake musu tsari."

"To baƙin nan me za su kalla?"

Ya yi murmushi, ya nuna kansa da hannu biyu, daga kafaɗa zuwa ƙugu.

Arlene ta nufi ƙofa. Sannan ta ce, "Da na sani, ranar allurar nan da na ƙara maka wata," ta fita.

Ranar ta zo da dusar ƙanƙara. Baƙi suka iso a motar haya: Misis Odessa Whitfield, nas ce mai furfura daga kudu, ta naɗe cikin babbar riga har ido, da wani siririn abokin aikinta wanda tun da ya shigo bai ce komai ba sai rubutu. Lyle ya tare su a ƙofa, ya juyo musu da ƙirjin hagu don kada su wahala. Asibiti tsit, sai ƙamshin fenti da na man goge daɓe. A ɗakin taro matan coci sun jera tire-tiren dankali da niƙaƙƙen nama da aka gasa, ga kek, ga kofi kamar za a yi jana'izar babban manomi.

Aka kashe fitila, aka kunna majigi.

"Kafin mu fahimci shirin," in ji Lyle, "dole mu fahimci mutumin da ya haife shi. Wannan ni ne a aji uku."

Ya bi da su ta makarantar sakandare, ya bi da su ta jami'a, ya tsaya ya yi musu bayanin kowane harafi da wahalar da aka sha kafin a same shi. Kofi ya huce. Siririn baƙo ya daina rubutu. An shiga reshe na biyu cikin bakwai ke nan Misis Whitfield ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Dokta Brandvold, mun gode ƙwarai. Wannan duk mun karanta shi kafin mu taso. Yanzu sai a kai mu wurin marasa lafiya."

Lyle ya yi irin murmushin mai gida da ya riga ya san abin da baƙo ke so tun kafin ya nema. "Kada ki damu, ranki ya daɗe. Yau babu wanda zai dame ku. Na kawar da su gaba ɗaya."

"Ka kawar da su zuwa ina?"

"Zuwa mako na gaba."

Matar ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur a hankali. "Ɗana, mu abin da ya kawo mu shi ne mu tsaya a gefe mu ga yaran nan biyu suna duba mutane, mu ji yadda suke kai magana wurin babbarsu, mu ga abin da take ce musu. Shi ne horon. Idan ba mu ga wannan ba, ba mu da abin da za mu kai wa hukuma. Mako na gaba kuma muna wata jiha."

Marisol ta sunkuyar da kai. Koua ya ƙura wa tiren dankali ido. Rabin shekararsu ce ke shirin tafiya a banza, su da ba su kori kowa ba.

A nan ne Lyle ya nuna cewa shugaba daban yake. Ya miƙe zumbur, ya ce, "Minti ɗaya!" Ya fita da gudu zai je teburin waya. Ya manta da daɓe. Daɓe bai manta da shi ba. Ƙafafu suka yi gaba, haruffa suka yi sama, Darakta ya tafi a kan bayansa kamar buhun abincin kaji da aka tura a kan ƙanƙara, har sai da ƙafar teburin karɓar baƙi ta tare shi, daidai ƙarƙashin hotonsa mai kallon nesa.

Kafin kowa ya motsa Marisol ta durƙusa a kansa. "Kada ka tashi. Ka bugi kai? Dube ni. Ina ke ciwo?" Wuyan hannun hagu ya fara kumbura, idon sawu ma haka. Koua ya turo keken marasa lafiya. Suka kai shi ɗaki na farko, ɗakin da ya fi kowanne tsabta a tarihin asibitin.

A bakin ƙofa Marisol ta tsaya. "Mista Brandvold, akwai baƙi biyu da ke son su tsaya su kalli yadda za mu duba ka. Kana da ikon ka ƙi. Ka yarda?"

Mista. Kalmar ta fi faɗuwar zafi. Amma ya duba ya ga duk faɗin ginin babu wani mara lafiya sai shi, kuma kujerarsa a hannun waɗannan baƙin take. Ya ce ya yarda, domin ilimi.

Hannu ya kumbura, riga ta ƙi fita. Koua ya ɗauko almakashi.

"Koua, ka san nawa ne haruffan nan? Ka san shekarun da..."

"Yi haƙuri, yallaɓai. Kada ka motsa."

Almakashi ya bi hannun riga tun daga ƙasa har hammata, ya raba digirin dokta gida biyu. Aka sa masa rigar takarda mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ya shekara ashirin yana miƙa wa mutane ba tare da ya taɓa tunanin iskar da ke shiga ta wajen ba. Kafin a kai shi ɗakin hoto Koua ya tambaye shi suna da ranar haihuwa, kamar yadda ake wa kowa. Lyle ya faɗi suna, ya ja numfashi, ya fara jero haruffa.

"Suna kawai, yallaɓai. Robar sunan da zan ɗaura maka a hannu ba ta ɗaukar sauran."

Duk da haka bai bar aikin Darakta ba. Yana kwance yana ba da umarni. "Marisol, ki fara da reshe na ɗaya, sadarwa mai ma'ana. Koua, gaya wa baƙi a ƙarƙashin jagorancin wa kake danna nan. Wayyo! Ba nan ba!"

"Nan ne," in ji Marisol. "Mista Brandvold, yanzu kai majinyaci ne. Ka yi shiru in saurari ƙirjinka."

Ya yi shiru. Matan teburin karɓar baƙi sun ce tun da suka kama aiki ba su taɓa jin asibitin haka ba.

Bayan hoto, 'yan horon suka fito baranda suka tsaya gaban Arlene kamar kullum, baƙi a gefe. Koua ya ce namiji ne mai matsakaicin shekaru, ya zame a daɓen da aka goge fiye da kima, ƙashin wuyan hannu ya tsage, idon sawu targaɗe ne. Marisol ta faɗi abin da take son yi. Arlene ta tambaye ta me ya sa ba za ta naɗe hannun da filasta gaba ɗaya yau ba, ta ce saboda kumburi, Arlene ta gyaɗa kai, ta tuna mata ta sake duba yatsun kafin ta sallame shi. Siririn baƙo ya cika shafi ya juya.

"Sai me kuma?" in ji Arlene.

"Ya kwanta a gida gobe, ƙafa a sama," in ji Marisol. "Kada ya zo aiki ko kusa."

"Wannan magani ne mai kyau," in ji Arlene. "Ga kowa."

Misis Whitfield ta ce abin da ta gani ya yi mata, amma majinyaci ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, balle wanda shi ne Darakta. Sai dai ƙanƙara ta rufe hanyar filin jirgi, dole su kwana. Idan za a iya dawo da mutanen da aka kawar, za su zo da safe.

Matan tebur suka hau waya. Washegari ɗakin jira ya cika. Takalman taɓo suka kashe ƙyallin daɓe kafin hantsi, har mutum ya iya tafiya ba fargaba. Tsoho mai tari ya dawo da tarinsa, yana faɗa cewa an mai da shi mako na gaba kamar huhunsa ya san kalanda. 'Yan biyu suka dawo kan kujerarsu. Marisol ta yi ta fassara wa matan masana'anta da ba sa jin harshen garin, Koua ya cire ƙugiyar kamun kifi daga babban yatsan wani bawan Allah, Arlene na tsaye a baranda da kofinta suna zuwa suna komawa. Baƙi suka yini a tsaye a gefe. Babu wanda ya ambaci reshe ko ɗaya. Lyle yana gida a kan doguwar kujera, yana buga waya a kai a kai, matan tebur suna ce masa layin waya a cike yake.

Da bazara shaidar ta iso. An amince da shirin. Kwamiti ya janye maganar rufewa, Marisol da Koua suka ƙarasa shekararsu, har Marisol ta sa hannu za ta zauna a garin.

Lyle ya sake hawa ɗan akwatinsa, da sabuwar riga, hannu ya warke.

"Abokan tafiya," in ji shi, "akwai shugaban da ke jagoranci da baki, akwai mai jagoranci da jiki. Na lura baƙinmu suna buƙatar misali mai rai, ban tsaya neman wani ba. Na miƙa ƙashina. Kwanciyar da na yi a gida kuwa dabara ce ta zamani, ana kiranta jagoranci daga nesa."

Aka tafa masa, don kek na jira. Sannan ya buɗe kwalin shaidar da hannunsa, ya ɗaga takardar cikin gilashinta, ya fara karantawa da babbar murya. Sunan hukuma. Sunan asibiti. Sunan shiri. Shekarun da shaidar za ta yi aiki. Murya ta fara raguwa. Ya kai ƙasa, ya koma sama, ya juya bayan gilashin ya duba. Ashe shiri ake ba shaida, ba mutum ba. Babu Brandvold a ko'ina, kuma babu ko harafi ɗaya da zai kai wa mai ɗinki.

Abu ɗaya tak ya fito daga wannan tantancewar ɗauke da sunansa, shi ne 'yar robar da Koua ya ɗaura masa a hannu. Matarsa ta manna ta a jikin firij, tsakanin hoton jikarsu da lambar mai gyaran famfo. Duk wanda ya shiga neman madara zai gani. Brandvold, Lyle. Sai ranar haihuwa. Daga nan fili.